Kada Ki Buɗe Sai Shafi na 412

Faɗa ne ya kai ta shagon buga takardun a ranar, domin sun ɓata mata aiki. Kati ɗari biyu ta bayar a buga da shuɗi, suka fito da wata kala mai kama da ruwan wanki. Ta shiga da kwalin a hannu, ta dire shi a kan tebur har sai da ƙura ta tashi.

"Ina mai shagon?"

Wani saurayi mai tabarau ya ɗago kai daga bayan kwamfuta, fensir a bakinsa. Ya cire fensirin, ya dube ta, ya dubi kwalin.

"Ya fita. Amma in zagi ne ki ba ni in ajiye masa, wallahi ba zan taɓa ko ɗaya ba."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. A nan idonta ya faɗa kan takardar da ke gabansa. Zane ne na duwatsu da koguna da wani birni a kan gada, har da ɗan jirgin ruwa a gefe.

"Wace ƙasa ce wannan?"

"Babu ita. Ni na ƙirƙire ta, in aiki ya yi sauƙi nake zuwa can in huta."

Ta ja kujera ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. Katin da ta zo faɗa a kansa kuwa sai da ta kai bakin titi sannan ta tuna da shi.

Sana'arta ita ce haɗa akwatin sirri. Kowane wata takan zaɓi littafi ɗaya daga cikin labaran nan na matasa, masu dodanni da tsibirai masu tashi sama da 'yan mata masu takobi, ta sa shi a kwali tare da ƙananan kyaututtuka uku ko huɗu. Mai saye ba ya sanin abin da zai samu sai ya yanke salatif. Kowace kyauta a naɗe take, an rubuta lambar shafi a jikinta. In an ba jarumar labarin zobe a shafi na casa'in, kai ma a shafi na casa'in za ka warware takarda ka ga zoben a tafin hannunka. A cikin murfin kowane kwali akwai doka ɗaya da manyan baƙaƙe: KADA KA BUƊE SAI KA KAI SHAFIN. Ita ta kafa dokar, kuma ko da wasa ba ta taɓa karya ta ba.

Abin da kwalayenta suka rasa shi ne taswira, ga shi kuwa Allah ya haɗa ta da mai zana ƙasashen da babu su.

Tun daga wannan watan kowane akwati ya samu taswirarsa. Ta sa masa suna Taswira, shi kuma ya naɗa ta Sarauniyar Kwali. A gida dai Auta ake ce mata. Ranar Asabar yakan zo ɗan ɗakin ajiyar da ke bayan gidansu, inda take aiki tsakanin tarin kwalaye da almakashi da gam da wata tsohuwar fanka mai kuka kamar akuya. Shi yana naɗe taswirori, ita tana ɗaure su da zare, ƙofa a buɗe, Abba yana baranda da jarida yana kallonsu ta saman tabarau.

Wata Asabar ya tsaya gaban kantar littattafanta, yana kallo.

"Sarauniya, me ya sa duk katin da kike saƙalawa a littattafan nan yake kusa da ƙarshe? Wannan saura shafi ashirin. Wannan saura sha biyar."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da zare.

"Ba na gama littafin da nake so."

"Ke mai sayar da littafi?"

"Yayata ce take karanta mini ƙarshen, ta gaya mini ko ya dace a sa a kwali, shi ke nan. In na gama, mutanen sun tafi. In ban gama ba kuwa suna nan suna jirana."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ta jefe shi da salatif. Amma da ya koma shago sai ga saƙonsa:

"Sarauniyata, na yi ta tunani a hanya. In haka ne kada ki taɓa gama ni. Ki bar shafi ashirin."

Ta karanta ya fi sau goma kafin ta ba shi amsa:

"Kai ai ko rabinka ban kai ba, surutunka ya cika shafuka. Ka ci abinci dai?"

"Ban ci ba. Ina zana miki gari, na rasa sunan da zan sa masa."

"Ka sa masa Je-ka-ci-abinci."

Haka suka yi shekara guda. Da magana ta yi ƙarfi, ya nemi izinin gaida Abba a matsayin mai nema.

To, Abba tsohon ma'aikacin safiyo ne. Shekara talatin da biyu ya yi yana awon filaye cikin rana da ruwa, mutum ne da ba ya yarda da layin da ba a auna ba. Maganarsa kaɗan ce, kuma in ya faɗi ɗaya ba ya son maimaitawa. Ya ce a kawo masa aikin yaron ya gani. Auta ta zaɓo taswirar da ta fi kowacce kyau ta shimfiɗa masa a tebur.

Abba ya bi zanen da yatsa, ya tsaya.

"Wannan kogin daga teku ya taso ya hau dutse?"

Taswira, da yake durƙushe a gefe, ya ce, "Abba, ai ƙasar tatsuniya ce."

"Ko a tatsuniya ruwa gangarawa yake yi. Ina ma'auni? Ina arewa? Daga wannan garin zuwa wancan tafiyar kwana nawa ce?" Ya ture takardar. "Ita na haƙura da wasan kwalinta, ga takardar digiri tana kwance a durowa. Amma mutumin da bai san inda ruwa yake nufa ba, shi zan ɗauki 'yata in ba? A'a."

Umma ta sa baki, ya ɗaga mata hannu. Auta ta shige ɗaki tana kuka. Ita da Abbanta kuwa da ba a jin kansu. Kullum da safe ita take kai masa shayi baranda, ta zauna a kan hannun kujerarsa suna gardama a kan komai. Washegari ta ajiye shayin ta juya ba ta zauna ba.

Ga abin da ba ta sani ba. Ranar Talata takan kwashi kwalaye ta kai kamfanin aika kaya, ba ta dawowa sai la'asar, Umma kuma tana makarantar da take koyarwa. Talatar da ta biyo baya Taswira ya zo gidan da sabuwar takarda a naɗe, ya durƙusa a gaban Abba.

"Abba, na gyara kogin. A duba mini."

Tsohon ya dube shi ya daɗe. Sannan ya miƙa hannu aljihu ya zaro jan biro.

Talata biyar suka yi a haka. Abba ya ja layi, ya yi tsaki, ya rubuta gyara a gefe, yaron ya haddace gyaran, ya bar masa takardar, ya tafi ya sake zanawa. A ta huɗu har shayi aka ba shi. A ta biyar Abba ya duba daga sama har ƙasa bai sami abin ja ba. Ya yi rubutu a kusurwar takardar, ya ninke ta ya miƙa masa.

"Na amince. Amma ba zan yi mata dole ba, kuma ba zan tambaye ta ba, tana fushi da ni. Ka ba ta wannan. In ta kawo mini da hannunta, na san tana so. In ba ta kawo ba, magana ta mutu, kada ka dame ta."

Da wani saurayin ne, da daga ƙofar gidan zai kira ta a waya yana ihu. Amma wannan, kai jama'a! Dabara ta zo masa. Ya ce a ransa, ita kullum haɗa wa mutane akwati take yi, babu wanda ya taɓa haɗa mata. Ya nemo littafin da ba ta taɓa karantawa ba, Masu Kiwon Gajimare, labarin wata yarinya da take kora gajimare kamar tumaki tana neman hanyar komawa gida. Ya naɗe kyauta biyu, ya sa takardar Abba da tasa wasiƙar a ambulan. Sai ya duba shafin ƙarshe na littafin, ya rubuta a bayan ambulan ɗin: Kada ki buɗe sai shafi na 412.

Ya san halinta sarai. Da gangan ya yi, wai yana so ta gama littafi ɗaya a rayuwarta, ta ga abin alheri a ƙarshensa.

Ta yi murna da akwatin kamar ƙaramar yarinya. A shafi na arba'in ta sami 'yar ƙararrawa irin wadda jarumar take kiran gajimare da ita. A shafi na ɗari da casa'in ta sami shuɗin zare na ɗaurawa a hannu, ta ɗaura nan take. Littafin ya shiga ranta fiye da duk wanda ta taɓa karantawa, don haka da ta kai shafi na 391 sai ta saƙala kati ta rufe. Ta ɗaga ambulan ɗin ta haska shi a taga, ba ta ga komai ba. Ta ce bari dai zuwa gobe.

Kafin goben ne Mai Bidiyo ta shigo labarin. Wata kyakkyawa ce cikin masu sayen akwatin, wadda take buɗe shi a gaban kyamara duk wata, dubban mutane suna kallo. Ta je shagon ta sa Taswira ya zana mata tsibiri na kanta, aiki ne kamar kowane aiki. Amma da ta karɓa sai ta matsa kusa da shi ta ɗauki hoto, ta sa a shafinta, ta rubuta a ƙasa: "Ni da mai zanena, ya ba ni tsibiri sukutum," ta jera jajayen zukata har uku. Kafin azahar mutum tara sun turo wa Auta hoton, kowa da irin tambayarsa.

Ana cikin haka saƙonsa ya shigo.

"Sarauniyata, kwana shida ke nan. Kin gama littafin?"

Ta rubuta:

"Na gama."

"Har shafin ƙarshe? Kin buɗe ambulan?"

Ambulan ɗin yana kan cinyarta a manne. Ta dube shi, ta dubi hoton.

"Na buɗe."

"To me kika ce?"

"Babu abin da zan ce. Ka je ka tambayi mai tsibiri."

Ya kira, ta kashe. Ya rubuto doguwar rantsuwa cewa aiki ne kawai, ba ta kai ƙarshenta ba ta toshe lambarsa. Ta tsinke shuɗin zaren, ta tattara littafin da ƙararrawar da ambulan ta zuba a kwalin, ta hau kujera ta tura shi can saman wadurof. Ƙarya ce ta kalma biyu, kuma ita ta ci musu shekara biyu da wata huɗu.

Sau biyu ya zo gidan ta ƙi fitowa. A na biyun ya tsaya gaban Abba, idonsa ya yi ja.

"Ta karanta, Abba. Ta ce babu abin da za ta ce."

Abba ya ninke jaridarsa a hankali. "To, ka ji abin da na gaya maka tun farko. Allah ya zaɓa muku abin da ya fi alheri."

Duk da haka tsohon bai iya daurewa ba. Ya karya alkawarinsa sau ɗaya. Wata safiya ta ajiye shayi za ta juya, ya kira ta.

"Auta, babu abin da kike son kawo mini? Ko wata magana?"

Ba ta ko dube shi ba. "Babu, Abba. Ai kun riga kun gama magana."

Ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba har abada. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan a wurinsa ta gado shi.

Bayan wata biyu Taswira ya sami aiki a wani kamfanin ɗab'i a wani gari mai nisa, ya tafi. Mai Bidiyo ta auri wani mai sayar da motoci, kowa ya gane hoton nan neman 'yan kallo ne kawai. Kishin Auta ya huce, kunya ta maye gurbinsa. Sau da yawa takan ɗauki waya ta nemo lambarsa, sai ta ce a ranta, to ko na kira shi me zai canja, tunda Abba ya ce a'a? Shi ma da yana so ai da ya dage. Daga nan ta kwashe laifin duka ta ɗora wa mahaifinta.

Ba ta yi masa rashin kunya ba, a'a. Tana gaishe shi, tana kai shayi, tana wanke masa kaya. Amma hannun kujerar nan bai sake ganinta ba. In ya jawo hira ta amsa da "to" da "haka ne." Umma ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta gaji. Manema biyu suka fito, wani injiniya da wani malamin jami'a, ta sallame su, Abba bai ce uffan ba. Kwalayenta suka ci gaba da fita duk wata babu taswira, masu saye suna tambaya tana cewa mai zanen ya yi tafiya. Wani lokacin tana shara takan ɗaga kai ta hango gefen kwalin nan a saman wadurof, ta kawar da ido. Littafin ba ta iya taɓa shi, ambulan kuwa ai doka doka ce.

Ciwon Abba kwana tara kawai ya yi. A rana ta bakwai tana zaune a gefen gadonsa a asibiti tana gyara masa bargo, ya buɗe ido ya kama hannunta.

"Yaron nan mai kogi… yana da hankali, Auta."

Ta ɗauka zafin ciwo ne. "Abba, ka huta. Ka bar maganar nan, ta wuce."

Ya dube ta kamar zai ƙara wani abu, sai ya lumshe ido. Ranar Alhamis da hantsi ya cika.

Bayan wata uku Umma ta ce ta zo su gyara teburinsa. Suka fito da tsofaffin takardun awo da tef da fensira. A durowar ƙasa akwai wani fayil mai tsabta, an ɗaure shi da roba. Auta ta buɗe, sai ta zauna a ƙasa.

Taswirori huɗu ne na ƙasa ɗaya, ta san hannun da ya zana su. Ko'ina jan biron Abba ne. "Kogi ba ya rabuwa biyu a nan." "Ina mutanen garin nan suke samun ruwa?" "Ya fi na makon jiya." Kowacce da kwanan wata a samanta. Ta ɗauko waya ta duba kalanda, duk Talata ne, kuma ta ƙarshen saura mako biyu ya kawo mata akwatin.

"Umma, zuwa yake yi? Wurin Abba yake zuwa?"

Umma ta karɓi takardun tana juyawa. "Innalillahi. Wallahi ban sani ba. Mutumin nan da zurfin ciki!"

Auta ta tashi da gudu, ta hau kujera ta sauko da kwalin, ƙura ta zubo mata a fuska. Umma ta biyo ta tana haki.

"Ke, yaga ambulan ɗin mana! Me kike jira?"

Ba ta yaga ba. Ta zauna a bakin gado ta buɗe littafin inda katin yake, shafi na 391, ta fara karantawa hawaye yana ɗiga a kan takarda. Umma ta riƙe haɓa tana kallon ikon Allah. Shafi ashirin da ɗaya ne, ko rabin awa ba su ɗauke ta ba. Yarinyar labarin ta saki gajimarenta suka yi ruwa, ta koma gida ta tarar da kakarta a bakin ƙofa tana jiranta. Shi ke nan ƙarshen da ta yi shekara biyu tana gudu.

Sannan ta buɗe ambulan. Wasiƙarsa ce a sama:

"Sarauniyar Kwali, barka da zuwa ƙarshen littafi. Kin ga babu wanda ya mutu. Albishirinki: Abba ya amince. Talata biyar na yi ina shan jan biro. Ki buɗe takarda ta biyu, ki yi abin da ya ce, ni kuma ina nan ina jira. Naki, Taswira."

Ta warware ta biyun. Taswira ta biyar ce, tsaf, babu gyara ko ɗaya. A kusurwarta ga rubutun da ta sani tun tana koyon karatu:

"Kogi ya gangara daidai. Yaron yana jin gyara. Auta, in kina son sa ki kawo mini takardar nan da hannunki, ba sai kin yi magana ba, na san kunyarki. Ina zaune inda kika saba samuna. Abbanki."

Kukan da ta yi a ranar ya fi na ranar rasuwar. Ta tuna safiyar da ya tambaye ta ko akwai abin da za ta kawo masa. Ta tuna duk shayin da ta dire ta juya. Ashe duk safiyar duniya yana kallon hannunta ne ya ga ko da takarda. Umma ta rungume ta, ita ma tana kuka. Da na sani ƙeya ce, kowa ya san inda take.

Sai washegari da safe ta iya cire lambarsa daga toshewa. Ba ta san ko ya yi aure ba, ba ta san ko lambar tana aiki ba. Ta rubuta ta goge ya fi a ƙirga, sannan ta tura:

"Ƙarya na yi maka. Ban gama littafin ba, ban buɗe ambulan ba. Sai jiya na kai shafi na 412. Ba na neman komai a wurinka, ina so ne kawai ka sani. Ka yafe mini."

Awa ɗaya, shiru. Awa uku, shiru. Ta yi ta manna salatif a kwalaye a karkace tana ɓallewa. Bayan azahar wayar ta yi ƙara.

"Na karanta tun ɗazu, na kasa riƙe fensir. Ban yi aure ba, ko da yake mahaifiyata ta kusa cin galaba. Ranar Asabar zan zo. Kada ki toshe ni kafin nan."

Ya zo. Ya rame kaɗan, tabarau ya canja. Suka zauna a kan benci a baranda, kujerar Abba tana tsakaninsu da ƙofa, babu wanda ya iya kallonta sosai.

"Na zo gaisuwa lokacin rasuwar Abba," in ji shi. "Na zauna cikin maza kwana biyu. Na so in aika a kira ki, na tuna ya ce kada in dame ki."

"Da ka dame ni."

"Da na dame ki." Ya cire tabarau ya goge ido. "Laifina ne, Sarauniya. Na san ba kya gama littafi, na sani sarai. Magana ce ta baki, minti ɗaya, na mai da ita wasa. Na so in burge ki ne."

"Ni na ce na buɗe alhali ban buɗe ba. Kai dai na ɓata maka shekara biyu, kana raye zan roƙe ka. Shi fa? Ya tafi yana ganin 'yarsa ba ta son zama kusa da shi."

Taswira ya ce, "Talatar nan biyar, rabin lokacin ba maganar kogi muke yi ba. Maganarki yake yi. Ya ce ke kaɗai ce a gidan nan kike iya kayar da shi a gardama. Ya ce fushinki irin nasa ne, yana daɗewa amma ba ya kai zuci. Ya san ki, Auta."

Wannan ne karo na farko da ya kira ta da sunan gida. Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai isarta, shi kuma ya zauna ya jira ta gama. Da ta ɗago sai ta ga ya zaro wani abu daga aljihu, shuɗin zare ne sabo.

"Wannan ba shi da lambar shafi," in ji shi. "Za ki aure ni? Da baki nake tambaya, kuma yanzu nake son amsa."

"Zan aure ka."

Baffa, ƙanin Abba, shi aka kai wa maganar. Ya sa tabarau ya karanta jan rubutun nan sau biyu. "Yayana ya riga ya bayar," in ji shi. "Ni shaida ne kawai."

Aka sa wata biyu. Akwatin watan da ya biyo baya ya fita da taswira a ciki, masu saye suka yi ta murna. Kaɗan ne suka lura an ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin tsohuwar dokar murfin, da ƙananan baƙaƙe: Amma in wani yana jiran amsarka, buɗe yanzu.

Ranar ɗaurin auren, da sassafe kafin gida ya cika, Umma ta fito ta tarar da ita a baranda. Ta haɗa shayi ta ajiye a inda ta saba ajiyewa. Takardar tana hannunta. Ta shimfiɗa ta a kan kujerar, ta gyara kusurwoyinta, sannan ta zauna a kan hannun kujerar kamar da.

"Abba, ga ta na kawo," ta ce. "Na makara. Ka yafe mini."

Umma ta bar ta har shayin ya huce, sannan ta zo ta dafa kanta.

"Tashi, Auta, mutane sun fara zuwa. Ya yafe miki tun kafin ki roƙa, ni na zauna da shi shekara talatin da biyar. Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya sa in kuna da magana ku faɗa wa juna tun da sauran lokaci."

Da hantsi aka ɗaura. Allah ya jiƙan Abba, ya haskaka makwancinsa, su kuma ya ba su zuriya mai jin gyara, amin. Taswirar tana rataye a falonsu cikin gilashi, kuma duk baƙon da ya tambayi ko wane ne ya yi jan rubutun nan, ita take tashi ta ba shi amsa.